Kunya ce ko raina kai? Muhawara kan yaron da ba ya ɗaga kai

Ummu Khalil:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, a yi mini haƙuri da tsawon rubutu. Wata bakwai ke nan da na ɗauko ɗan yayata marigayiya, Allah ya jiƙanta. Shekararsa 14. Kafin ya dawo hannuna ya yi shekara biyar a gidan wani ɗan'uwan mahaifinsa. Yaron ba ya sata, ba ya ƙarya, salla ba sai an tashe shi ba. Amma ba ya ɗaga kai. In na ce zo ka tayar da janareta, tun bai taɓa ba zai ce, "Umma ban iya ba, zan ɓata." In an zuba musu abinci tare da yarana sai ya janye hannu, ya jira su ƙoshi.

Shekaranjiya na ga abin da ya hana ni barci. Ina kakkaɓe katifarsu na tarar da takardar gwajin lissafi a ninke, malamin ya ba shi 17 cikin 20. Na ce me ya sa ba ka nuna mini ba? Idonsa a ƙasa ya ce wai ƙila malamin ne ya yi kuskure wajen ba da maki. Daga baya ƙanwarsa ta gaya mini a can gidan ba a kiransa da sunansa, Dolo ake ce masa, har yaran unguwa suka ɗauka.

Maigidana ya ce in bar yaro, kunya ce da tarbiyya irin wadda 'ya'yan yanzu suka rasa. Ni zuciyata ta ƙi kwanciya. Don Allah kunya ce wannan?

Baba Sule Gwale:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayarki, ya ba ki ladan riƙo. 'Yata, ni ina bayan maigidanki. Mu da muka tashi ba a yabon yaro a gaban idonsa, kuma ba mu lalace ba. Yabon kai jahilci, girman kai kuwa rawanin tsiya. Yanzu yaro ɗan shekara goma zai zuba maka ido yana mayar maka da magana, iyayensa na cewa wayewa ce. In Allah ya ba ki yaro mai sunkuyar da kai, ki gode masa.

Hajiya Rabi Damagaram:
Baba, Allah ya ƙara girma, ku yi mini izini in ɗan saɓa muku. Shekara ashirin da wani abu ina koyar da 'yan mata ɗinki, na ga mai kunya na ga wadda aka karya wa zuciya, kuma ba sa kama. Mai kunya a gabana ne take noƙewa. Da na fita sai in jiyo dariyarta ta fi ta kowa, har gardama take yi kan yankan wuya. Wadda aka karya kuwa ko cikin sa'o'inta a rakuɓe take, in ta riƙe almakashi hannunta na rawa ko ba mai kallonta.

Ummu Khalil, ki leƙa shi in yana cikin sa'anninsa. A nan za ki gane.

Ummu Khalil:
Hajiya na leƙa. In sun je ƙwallo a filin bayan gidanmu, shi ne mai tsaron takalma. Yana zaune a kan dutse, takalman yara jibge a gabansa, har a tashi. Khalil ya ce sun sha ce masa ya shigo, yana cewa zai jawo musu a ci su.

Malam Nura Samaru:
To wannan kam ba kunya ba ce. Kunya takan san wurinta, gaban manya ko surukai ko baƙo. Abin da kika bayyana yana bin yaron har inda babu wanda zai ji wa kunya.

Ni ilimin halayyar ɗan'adam na karanta, bari in kawo abin da ya dace da nan. A 1902 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Charles Cooley, ya ce mutane su ne madubin da muke ganin kanmu a ciki. Ya kasa abin gida uku: ka fara raya yadda mutane ke ganinka, sai ka raya hukuncin da suke yanke maka, sai ka ji alfahari ko ƙasƙanci gwargwadon abin da ka raya. Babba yana da madubai da yawa, in gida sun raina shi akwai kasuwa, akwai majalisa, akwai abokai. Yaron da ya rasa uwa yana shekara tara madubi ɗaya ya rage masa, kuma shekara biyar madubin nan na ce masa Dolo safe da yamma. Me zai gani?

Shi ya sa takardar nan ta shiga ƙarƙashin katifa. Maki 17 ya ci karo da abin da ya riga ya yarda da shi game da kansa. Ko dai mutanen gida sun yi kuskure shekara biyar, ko malami ya yi kuskure rana ɗaya. Ya zaɓi wanda ya fi masa sauƙin gaskatawa.

Ustaz Abdulƙadir:
Allah ya saka da alheri, Malam Nura. Ina so in cire wani ruɗani, don mutane na haɗa tawali'u da raina kai. Allah ya ce a Suratul Isra'i aya ta 70 ya girmama 'yan Adam. Wannan girma ba jarrabawa aka ci aka samu ba, da shi aka haifi yaron. A Suratul Hujurat aya ta 11 kuma an hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Wanda ya sa wa maraya suna Dolo ya taka ayar nan, ko da wasa yake.

Maganar girman kai da Baba ya kawo gaskiya ce, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fayyace mana shi. A hadisin da Muslim ya ruwaito, wani ya ce mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau. Aka amsa masa cewa Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane. Yaron da ya ce "na iya lissafi" alhali ya iya, bai ƙi gaskiya ba, bai wulaƙanta kowa ba. Wanda ya ce "ban iya ba" alhali ya iya, shi ne ma ya faɗi abin da ba haka yake ba.

Kabiru Mai Waya:
Anti abin mai sauƙi ne. Kullum ki riƙa ce masa kai gwani ne, kai haziƙi ne, babu kamarka. Kamar yadda aka zuba masa zagi ya shiga, haka yabo zai shiga ya kore shi.

Malam Nura Samaru:
Kabiru, niyyarka mai kyau ce, amma an gwada wannan hanya kuma ba ta ɓulle ba. A 1986 jihar Kalifoniya ta kafa kwamiti na musamman kan ɗaga kimar kai a zukatan jama'a, bisa tunanin cewa raina kai ne tushen faɗuwa a makaranta da shaye-shaye da aikata laifi. Makarantu da yawa a Amurka suka rungumi yabon yara ko sun yi abin yabo ko ba su yi ba. A 2003 Roy Baumeister da abokan aikinsa suka bi diddigin binciken da aka tara a kan batun. Suka ga jin kai na da daraja ba shi ke sa yaro ya yi ƙoƙari a aji ba, galibi ƙoƙarin ne ke zuwa da farko, jin darajar ya biyo baya. Abin da suka tabbatar shi ne mai ganin kimar kansa ya fi samun farin ciki, ya fi kuma ƙarfin gwiwar fara abu.

Akwai wani gwaji da ya fi kusa da maganarmu. A 1998 Carol Dweck da Claudia Mueller suka ba 'yan firamare wasu tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa. Da suka gama, wasu aka ce musu lallai kuna da basira, wasu aka ce musu lallai kun dage. Waɗanda aka yabi basirarsu suka koma zaɓen aiki mai sauƙi don kada asirinsu ya tonu, da aka ba su mai wuya suka kasa sai gwiwarsu ta sage, wasunsu har ƙarin maki suka yi da aka ce su faɗi abin da suka ci. Waɗanda aka yabi dagewarsu suka ci gaba da fafatawa.

Kuma yaron Ummu Khalil ba zai ma yarda ba. Wanda ya ƙaryata jan biron malami, "babu kamarka" zai gaskata? Zai ɗauka tausayinsa ake ji.

Aminu Tudun Wada:
Malam Nura kullum Turawa, Turawa. Su rayuwarsu kowa tasa ta fisshe shi ce, dole su damu da "ni, ni". Mu a nan mutum da danginsa ake auna shi. Wannan ciwon nasu ne, kada a shigo mana da shi.

Malam Nura Samaru:
Aminu, rabin maganarka su ma sun faɗe ta. A 1991 Hazel Markus da Shinobu Kitayama suka nuna cewa a Amurka mutum kan bayyana kansa da abin da ya bambanta shi da saura, a Japan da makamantanta kuwa da alaƙarsa da mutane. Mu mun fi kusa da na biyun. Ka tambayi Bahaushe wane ne kai, zai ce ɗan gidan wane, daga unguwa kaza. Anthony Kirk-Greene da ya yi nazarin mutumin kirki a wurin Hausawa, wanda aka buga a 1974, halaye goma ya lissafa: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kusan dukansu sai da mutane ake gane su.

Amma ka duba inda maganarka ta kai mu. In da dangi ake auna mutum, to wanda danginsa suka ce masa Dolo ya fi Ba'amurke shiga uku, don ba shi da wani ma'auni na daban da zai koma gare shi.

Aminu Tudun Wada:
Na ji wannan. Amma har yanzu ina ganin ana girmama abin fiye da kima. Da yawanmu an zage mu muna yara, ga mu nan.

Hajiya Rabi Damagaram:
Aminu, ga mu nan ɗin, amma ka tuna wa ya riƙe mu. Baba Sule ya ce ba a yabon yaro a gaban idonsa. Haka ne, uwa da uba ba sa yi. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba saboda ɗan fari ne, ko ruwa zai ba ta sai ta kau da kai. Sai dai gidan ba ita kaɗai ba ce. Akwai kakarmu. Da ya shigo za ta ce ga maigidana ya dawo, ta jawo shi kan tabarma, ta kwance bakin zanenta ta ba shi ƙuli-ƙuli, ta yi masa kirari har ya rufe fuska. In ya yi kuskure babanmu ya ɗauko bulala, ɗakinta yake faɗawa, kuma ba mai bin sa ciki. Akwai goggo, akwai kawu da ke tafiya da shi kasuwar dabbobi ya ce riƙe mini igiyar ragon nan. Akwai abokan wasa, taubasai, da za su tsokane shi shi ma ya rama.

Wato aikin a rabe yake. Iyaye na kunya da tsawa, kakanni na yabo da lallashi. Yaro na shan ɗaci a ɗaki ɗaya ya sha zaƙi a na kusa da shi. Yanzu mun tashi daga babban gida mun koma ɗaki biyu da falo, kaka na ƙauye sai da salla ake ganinta. Mun taho da tsawar, mun baro mai lallashin. Wannan yaro ma ya fi haka, an ba shi tsawa da gori ba kaka ba uwa.

Kuma kada mu ce Bahaushe bai san mutum ya faɗi darajarsa ba. Ɗan dambe na shiga fili ya yi wa kansa kirari, maharbi haka, manomi a gayya makaɗi na zuga shi yana ƙara ƙaimin noma. Wuri aka ware wa abin, ba hana shi aka yi ba.

Baba Sule Gwale:
Hajiya Rabi kin tuna mini da abin da na manta. Ni ma kakata ta wajen uwa ce ta riƙe ni shekara huɗu. Ba ta taɓa ba ni tuwo ba tare da ta ce "ci ka girma, mai gidan gobe" ba. Ina rubuta wannan idona ya ciko. Ban janye maganata kan rashin kunyar yaran yanzu ba, tana nan. Amma wannan yaro daban ne, na yarda.

Zulaihat:
Don Allah a bar ni in sa baki ta ɓangaren 'yan mata, don mu abin ya fi cin mu a ɓoye. Ni baƙa ce, ƙannena biyu farare. Tun ina ƙarama baƙi in sun zo sai su ce kai, waɗannan kyawawa, ke kuma wa kika biyo? Da dariya ake faɗa. Na kai shekara 19 ban yarda a ɗauke ni hoto a biki ba. Na taɓa tara kuɗin man bilicin, na je har bakin shagon na juyo, ban san me ya juyo da ni ba sai ikon Allah. Yanzu kuma ga Instagram da TikTok, ka buɗe waya ka ga lefen wata akwati goma sha biyu, ka kalli ɗakinku.

Malam Nura Samaru:
Zulaihat, sannu. Leon Festinger ya yi bayanin wannan tun 1954: inda babu ma'auni tsayayye, mutum da na kusa da shi yake gwada kansa. Da 'yan unguwarku ne na kusan, kin san gidansu, kin san ranar da ba su ɗora tukunya ba. Waya ta kawo miki dubban mutane a ranar da suka fi kowace rana kyau.

Ustaz Abdulƙadir:
Shi ya sa aka ce mu dubi na ƙasa da mu, kada mu dubi na sama, don kada mu raina ni'imar Allah a kanmu. Wannan a sha'anin duniya ne. Masu cewa "wa kika biyo" kuma su ji tsoron Allah, launin fata ba zaɓin kowa ba ne.

Maryam ma'aikaciyar jinya:
Ina bin maganar tun ɗazu. Ummu Khalil, abu ɗaya zan ƙara. Yaron nan maraici na damunsa ban da gorin. Ki lura da barcinsa da cin abincinsa. In kin ga yana ramewa, ko yana kwana ido biyu, ko ya fara cewa gara ma ba ya raye ko shi nauyi ne a kanku, kada ki tsaya shawarar zaure, ki kai shi asibiti a ga likitan ƙwaƙwalwa. Ciwon damuwa na kama yara, kuma zuwa wurin likitan nan ba hauka ba ne. In babu waɗannan alamu, to a bi shi a hankali a gida.

Ummu Khalil:
Na gode Anti Maryam. Yana barci, yana ci in an zuba masa shi kaɗai. Zan sa ido. To jama'a in yabo ba ya yi, shiru ma ba ya yi, me zan yi?

Kabiru Mai Waya:
Malam Nura ya kayar da shawarata, amma ya sa na tuna yadda ni aka yi mini. Na bar makaranta a aji uku na sakandare, a gida sunana wanda ya kasa. Aka kai ni koyon gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Wata shida ina share shago ina sayo abinci, in maigidana ya miƙo mini waya sai in ce ban ƙware ba. Mutumin nan bai taɓa ce mini gwani ba, ba halinsa ba ne. Wata ranar Alhamis zai tafi ɗaurin aure Katsina, sai ya ciro makullin shago ya ajiye a kan teburin gyara, ya ce gobe ka buɗe, akwai waya uku da za a zo karɓa, ta ukun ba a canja mata wurin caji ba, ka canja. Ya fita bai waiwayo ba.

Daren nan ban runtsa ba. Da safe na zauna da wayar nan, gumi na ɗiga a kan tebur, na yi kusan awa biyu a aikin minti ashirin. Na sa caja, ta kawo wuta. Da ya dawo ranar Asabar ya duba littafin ciniki, ya ƙirga kuɗi, ya ce makullin ya zauna a wurinka. Shi ke nan abin da ya faɗa. Yau shekara tara, shagona nake buɗewa.

Hajiya Rabi Damagaram:
Kabiru ka gama magana. Ni ma haka nake yi wa masu rawar hannu, in ba ta atamfar mai kuɗi in ce yanka, in tashi in shiga cikin gida. Amma Ummu Khalil ki fara da abin da kika tabbata zai iya, kada ki ɗora masa wanda zai faɗi ya ce ai dama na faɗa. In ya yi, ki faɗi abin da ya yi daidai yadda ya yi shi. "Ka ƙirga canjin nan daidai" ya fi masa "kai haziƙi ne", don na farkon ba zai iya musa shi ba. In ya ɓata kuma kada fuskarki ta canja, a gyara tare. Kuma ki ja kunnen yaranki, ko da wasa kada sunan nan ya shigo gidanki.

Aminu Tudun Wada:
Shi kuma wancan ɗan'uwan uban fa? A bar shi haka?

Baba Sule Gwale:
A bar wannan tukuna, Aminu. Ƙanwar yaron na hannunsu har yanzu in na fahimta daidai, kada a ɓata zumunci ita ta kwana a ciki. Maigidan Ummu Khalil ne zai san yadda zai yi magana da su, namiji da namiji, ba a waya ba.

Ummu Khalil:
Haka ne Baba, tana can, hutu kawai take zuwa mana. Ita ma abin na raina.

Bari in ba ku labarin yau. Da la'asar na ba shi dubu biyar da takardar cefane, na ce daga yau cefanen gidan nan a hannunka yake, Khalil zai raka ka ya riƙe leda amma kai ne mai kuɗi. Ya tsaya yana kallon kuɗin, ya ce Umma in suka ɓata fa? Na ce in sun ɓata gobe ma kai za ka je. Sun dawo kafin magariba. Ya manta da albasa, amma ya rubuta farashin kowane abu a bayan takardar, ya miƙo mini canji naira 350, na ƙirga daidai. Na ce lissafinka bai kuskure ko naira ɗaya ba. Bai ce komai ba, bai kuma ɗaga kai ba. Sai can na ji yana gaya wa Khalil a tsakar gida wai mai tumatir ya so ya cuce su shi ya gane.

Na kuma kira mahaifiyarmu, ta ce za ta zo ta yi mana wata guda bayan an gama girbi.

Baba Sule Gwale:
Madalla. 'Yata, tun ɗazu muna ta cewa yaro, yaro. Mene ne sunansa na yanka?

Ummu Khalil:
Aliyu ne, Baba.

Baba Sule Gwale:
Ashe Gadanga ne, ƙusar yaƙi. Ki gaya wa Hajiya mahaifiyarku in ta zo, ita ta san sauran kirarin. Gobe kuma ki sake aikensa ya sayo albasar.